Yadda gidan da ke da hali da suna zai raba ɗansa da giya ba tare da an rasa shi ba

Mashayin da ba shi da ko sisi, aljihunsa kan taka masa birki: kuɗi su ƙare, a kore shi daga aiki, unguwa ta gani. Ɗan gata ba haka yake ba. In ya buga mota, kafin gari ya waye an kai ta gareji. In bai je ofis ba, kamfanin na babansa ne. In mawaƙi ne ko ɗan fim, manaja zai ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi. A jihohin da ake aiki da Shari'a kuwa abin ya fi ɓuya, domin a ɗaki ake sha, ko a otal a Abuja, ko a gidan aboki. Shi ya sa irin waɗannan gidaje ba sa zuwa asibiti sai idanu sun yi ruwan ɗorawa ko mutum ya faɗi yana jijjiga. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Kada a raba shi da kwalba dare ɗaya

Ranar da asiri ya tonu, abin da gida ke fara yi shi ne a kwashe kwalabe, a kulle shi a ɗaki, a sa mai gadi a ƙofa. Ga wanda ya daɗe yana sha kullum, wannan yana iya kashe shi. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar kuma sai ta ƙara wa kanta ƙaimi don ta jure. In aka janye giyar lokaci guda, ƙaimin nan ba shi da abin da zai riƙe shi.

Daga awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, hannu zai fara karkarwa, ga zufa, ga tashin zuciya, ga faɗuwar gaba, barci ya ƙaurace. Cikin kwana biyun farko ana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya. Mafi haɗari yana zuwa tsakanin awa 48 da 96: mutum ya ruɗe, bai san inda yake ba, jiki ya yi zafi, zuciya na bugawa da sauri, yana ganin ƙwari ko macizai a bango, yana kakkaɓe jikinsa. A nan ne gidaje da yawa ke cewa iska ce ko jifa, a kira mai ruƙiya, a ɓata kwana guda. A yi addu'a, amma a cikin mota a hanyar asibiti.

Saboda haka a kula da lokutan da mashayi kan tsaya ba shiri: kwanakin farko na azumi, tsarewa a hannun hukuma, kwanciya a asibiti don wata tiyata, da tafiyar Umara da ake biya masa don ya shiryu. Niyyar mai kyau ce, amma kwana na uku ba a son ya riske shi a wurin ɗawafi. A fara wanke jiki a hannun likita, wato a raba shi da giyar da taimakon magani, tafiya ta biyo baya.

A san yawan abin da yake sha

Likita zai tambaya, kuma “yana ɗan taɓawa” ba amsa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa awo ɗaya a matsayin giram 10 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai mililita 600, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24. Kwalbar wiski mai mililita 750, mai kashi 40, tana da kusan giram 237, daidai da manyan kwalabe goma ke nan. Wanda ke shanye rabin kwalbar wiski a dare bai fi mai kwalabe biyar a mashaya tsafta ba, kofinsa ne kawai ya fi tsada.

A rubuta mako biyu: me ya sha, nawa, da ƙarfe nawa ya fara. Shan safe don hannu ya daina rawa babbar alama ce cewa jiki ya kamu. A haɗa da duk abin da yake haɗiya, kodin, tiramol, allurar fenta, ƙwayar barci, wiwi, domin kowanne yana canza maganin da za a ba shi. Direba da mai gyaran ɗaki sun fi kowa sanin gaskiyar lissafi, amma ba za su buɗe baki ba sai an tabbatar musu aikinsu ba zai taɓu ba. A asibiti akwai tambayoyi goma da ake kira AUDIT: maki 8 zuwa sama shan ya shiga haɗari, 20 zuwa sama ana zaton kamuwa.

Yadda za a yi masa magana

Mutane sun san labarin Betty Ford, matar tsohon shugaban Amurka Gerald Ford. A 1978 iyalinta suka zaunar da ita, kowa ya faɗi abin da shanta ya jawo masa, ta yarda ta kwanta a asibitin sojan ruwa da ke Long Beach, ta kuma sanar da duniya cewa giya da ƙwayoyin likita sun kama ta. A 1982 ta kafa cibiyar da ke ɗauke da sunanta a Kalifoniya. Taron dangi ya yi mata aiki, amma ba kowa yake yi wa ba. Wani bincike da aka wallafa a 1999 a Amurka ya kwatanta hanyoyin: tsarin CRAFT, wanda ke koya wa makusanci ɗaya yadda zai sauya mu'amalarsa ta yau da kullum, ya kai kusan biyu cikin uku na mashaya gaban likita, taron dangi na titsiye kuwa bai kai ɗaya cikin uku ba.

A gidan da ake ji da kai, taron kawunai da gwaggwanni yakan koma zaman shari'a. Ya fi kyau a zaɓi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, ya same shi da hantsi, lokacin da ba ya cikin maye. A faɗi abu guda da ya faru, a faɗi tsoron da aka ji, a kawo mafita a hannu. Ƙanwa za ta iya cewa: “Yaya, ranar Laraba na same ka a ƙasan bene, na ɗauka ka mutu. Na yi magana da likita, zai gan mu jibi da ƙarfe goma, ni zan raka ka.” Ban da “ka zubar mana da mutunci”, ban da barazanar tsinuwa. Ya zo a Buhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) kan shan giya, da wani ya la'ance shi sai aka hana, aka ce yana son Allah da ManzonSa. In ya ƙi yau, a sake bayan mako. Kafin nan, a sake masa fuska a ranar da bai sha ba, ranar da ya sha kuma a janye ba tare da faɗa ba, a kuma daina share masa ɓarna.

Inda za a kai shi

Likitan ƙwaƙwalwa ake nema, ba likitan gida da ke jin nauyin Alhaji ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Wanda ya taɓa jijjiga, ko ya taɓa ruɗewa, ko hantarsa ta taɓu, ko yake haɗawa da ƙwaya, ko mace mai ciki, kwanciya ta kama shi. Gidan mari ba ya cikin lissafi. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawa da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙoƙi ta kuma tsara yadda ake kwantar da wanda ya ƙi yarda.

Wankin jiki yakan ɗauki kwana biyar zuwa goma. Ana ba da diyazefam, maganin kwantar da ƙwaƙwalwa, ko ɗan'uwansa ana rage shi kullum, in hanta ta yi rauni a koma lorazefam. Ana yin allurar bitamin B1, kuma a nan ne jinyar gida ke yin ɓarna: a kira nas ta ɗaura ƙarin ruwa mai sukari don ya farfaɗo, alhali jikin mashayi ya riga ya ƙarar da B1. Sukarin ya cinye ɗan abin da ya rage, sai ruɗewa, tangaɗi, idanu na rawa, in an makara mantuwa ta zauna har abada. Bitamin ɗin ake fara ba shi, ko a haɗa su tare. A kuma nemi gwajin hanta, da ciwon hanta nau'in B da C, da sukari, da ƙoda.

Masu hali kan fi son a fita waje. Babu laifi, amma kada a hau jirgi da shi kafin a wanke jiki, kuma wata guda a can ba ya gyara komai in ɗakinsa da abokansa na nan yadda ya bar su. Tun kafin tafiya a san likitan da zai karɓe shi in ya dawo. Likita ɗaya ne zai riƙe ragama. Uku masu rubuta ƙwayar barci ba tare da sanin juna ba sun isa su haifar da sabuwar jaraba.

Tarihin gida

Wannan ne wurin da manyan gidaje suka fi yin rowar gaskiya. Binciken tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da giya gado ne. Ita kanta Betty Ford mahaifinta mashayi ne. A gaya wa likita labarin kawun da kan yi makonni ba ya barci yana rabon kuɗi a titi, da gwaggon da ta yi shekara a ɗaki bayan haihuwa, da wanda aka ce tsautsayi ne ya kashe shi alhali kowa ya san ba haka ba ne. Likita ba zai kai wa surukai ba.

Dalilin yana da nauyi. Giya da kanta tana jawo ciwon damuwa, wanda yakan yaye cikin mako uku zuwa huɗu da dainawa, don haka likita kan jira kafin ya yanke hukunci. Amma in a gidan akwai ciwon nan mai hawa da sauka, wata guda mutum yana sama yana jin ya fi kowa, wani watan ya kasa tashi daga gado, to maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura shi. Irin wannan yana buƙatar mai daidaita yanayi kamar litiyam, wanda ake auna yawansa a jini lokaci-lokaci. A wurin ɗan fim ko mawaƙi, lokacin hawan yakan yi kama da basira, kowa na tafi, ba mai cewa ciwo ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ya ce e, a kawar da bindiga, da fiya-fiya, da tarin ƙwayoyi, kada a bar shi shi kaɗai, a kira likita a ranar.

Bayan an sallame shi

Akwai magunguna uku da ke taimakawa. Naltirekson, miligiram 50 a rana, yana rage daɗin sha da kwaɗayinsa, amma sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba kodin, ba tiramol, ba fenta, in ba haka ba zai jefa mutum cikin azaba nan take. Akamfurosat ana shansa sau uku a rana, ya dace da mai raunin hanta, ba ya dacewa da mai ciwon ƙoda mai tsanani. Disulfiram yana sa duk wanda ya kurɓi giya ya yi ta amai, fuska ta yi ja, zuciya ta rikice. Kada a taɓa zuba shi a abinci a ɓoye, yana iya kisa. Rashin barci zai ɗauki makonni, wani lokaci watanni; a jure, kada a koma kan diyazefam.

Sai gida. Kuɗi su daina shiga hannunsa a dunƙule na 'yan watanni: a biya kuɗin makaranta da cefane kai tsaye, da saninsa da yardarsa. A kira direba da masu gadi da yaran gida a gaya musu cewa duk wanda ya sayo kwalba ya bar aiki, wanda kuma ya ƙi sayowa ba mai korarsa. 'Yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa su ne masu wuya, domin cinsu yana cikin shansa. Sabon layin waya ya fi wa'azi aiki a kansu. Mai sana'ar fitowa gaban jama'a ya koma aiki a hankali: ban da wasan dare da kwanan otal a watanni ukun farko, a cire giyar da ke cikin firjin ɗaki kafin ya shiga, a samu mutum ɗaya da ba ya sha ya riƙa tafiya da shi. Sanar da jama'a kuwa haƙƙinsa ne, ba na manaja ko dangi ba. Ganin likita da zaman shawara a ɗauke su a matsayin aikin shekara guda aƙalla. Wanda kunyar a gane shi ta hana shi zaman rukuni, ƙungiyar AA ta mashaya masu taimakon juna su daina, wadda aka kafa tun 1935, tana da zama ta intanet, Al-Anon kuma ta iyalai ce. Matar gida da 'ya'ya su ma a duba su.

In ya koma

Da yawa sukan zame, musamman a watannin farko, kuma nan haɗarin mutuwa yake, domin jiki ya manta juriyar da. Mawaƙiyar Ingila Amy Winehouse ta yi makonni ba ta sha ba, ta koma, aka tarar da gawarta a Yulin 2011 tana da shekara 27; bincike ya sami miligiram 416 na barasa a kowane mililita 100 na jininta, fiye da ninki biyar na iyakar da doka ta yarda wa mai tuƙi a ƙasar.

In an same shi a buge ba ya amsawa, a kwantar da shi a gefe, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓa, don kada amai ya shaƙe shi. Ban da ɗura masa madara ko gahawa, ban da sheƙa masa ruwan sanyi, ban da rufe ƙofa a ce barci zai warware. Numfashi ƙasa da takwas a minti, ko leɓe ya canza launi, ko an mintsine shi bai motsa ba, asibiti ne nan take. Da ya farfaɗo a kira likitansa a ranar, a bi diddigin abin da ya faru awa 24 kafin kofin farko, wa ya gani, ina ya je, ya sha maganinsa ko ya bari. In shan ya ɗauki kwanaki a jere, likita ne zai ce ko sai an sake wanke jiki kafin ya tsaya.