Riƙon ƙaramar ƙungiyar raya karkara ba tare da albashi ba: aikin ƴan kwamitin gudanarwa

Wasu ƙananan ƙungiyoyin da ke aiki a ƙauyukan jihar Damagaram ƙafa biyu gare su. Ɗaya tana nan Zinder, ɗaya kuma tana Faransa, Beljiyam ko Amurka, inda ƴan ƙasa mazauna can da abokan arzikinsu ke tara gudummawa. Masu riƙe da ƙafafun biyu su ne ƴan kwamitin gudanarwa, mutanen da suka yarda su ɗauki nauyi ba a ba su ko dala ba. Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne, domin kuɗin mutane ne a hannunsu, kuma sunan ƙungiya ne ake kira a gaban hukuma da gaban mai gari.

Abu na farko da ya kamata kwamiti ya gane shi ne ba shi ne mai haƙa rijiya ko rabon awaki ba. Aikinsa ya yanke shawarar abin da za a yi, ya tsare kuɗi, ya duba ko an cika alkawari. Shugaban da ya zama shi ne mai sayen siminti, shi ne mai biyan magina, shi ne kuma mai rubuta rahoto, ya rufe ƙofar bincike a kan kansa ko da mutumin kirki ne. A samu jami'in aiki guda, ko da rabin lokaci yake yi, a ba shi umarni a rubuce, kwamiti ya tsaya a bayansa yana tambaya.

Mutum bakwai sun isa, tara ma ba laifi. Adadin ya zama mara, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Aƙalla rabinsu su kasance mazauna Nijar, kuma a cikinsu a samu wanda ya fito daga yankin da ake aiki, Mirya ce ko Magariya ko Tanut. Mata biyu ko uku dole ne, ba don ado ba. Ruwa, niƙa da ciyar da yara duk a hannun mata suke, kuma akwai maganar da matar ƙauye ba za ta taɓa faɗa wa namiji baƙo ba. A nemi mutum guda da ya san lissafi da gaske. Wa'adi shekara uku, a sabunta sau ɗaya, kuma kada kowa ya sauka rana guda: kowace shekara mutum biyu ko uku su fita, wasu su shigo.

Takardu

Dokar da ta kafa tsarin ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991. A ƙarƙashinta ƙungiya ba ta fara aiki sai ta gabatar da kanta ta samu izinin ministan cikin gida. Rajistar da reshen waje ya yi a Faransa ko Amurka ba ta wadatar a nan. Magatakarda ya buɗe jaka guda ya zuba takardar izini, dokokin ƙungiya, dokar cikin gida, lambar haraji ta NIF, yarjejeniyar da aka sa wa hannu da gwamnati, da sunayen ƴan kwamiti na yanzu. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye inda aƙalla mutum uku za su iya buɗewa. Duk lokacin da aka sauya shugaba ko mazaunin ofis, a sanar da hukuma a rubuce. Idan akwai ma'aikaci mai albashi, ko shi kaɗai ne, a yi masa kwangila a kuma yi masa rajista a CNSS, asusun ƙasa na fansho da kare ma'aikata.

Tun 1 ga Janairu 2024 ƙungiyoyin da ba na neman riba ba a ƙasashen OHADA, wato ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ta bai ɗaya, har da Nijar, suna bin tsarin lissafi na SYCEBNL, wanda aka amince da shi a Yamai a Disamba 2022. Ya tanadi hanya mai sauƙi ga ƙananan ƙungiyoyi, amma ya wajabta littafin masu ba da gudummawa, inda ake rubuta sunan wanda ya bayar, ranar, adadin da hanyar da kuɗin ya shigo. Takardun lissafi ana ajiye su shekara goma. Wannan ba abin wasa ba ne: a 2025 hukumomi sun dakatar da ɗaruruwan ƙungiyoyi saboda maganar bayanan kuɗinsu na shekara. Kwamiti ya sa ranar miƙa rahoto a ajandarsa tun watan Janairu, ya kuma ɗora alhakin a kan mutum guda da sunansa.

Kuɗi

A nan ne zumunci ke lalacewa, don haka a nan za mu daɗe. Asusu a banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko ɗan'uwansa ba, ko da na kwana biyu ne. Mutum uku ke da sa hannu, kuma ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa. Kada biyun su zama miji da mata, ko wa da ƙane. Babbar ɓaraka ita ce cek ɗin da aka sa wa hannu babu adadi saboda ma'aji zai yi tafiya Yamai. Idan zai yi tafiya, na ukun ne amfaninsa ke nan.

Kuɗin hannu na ofis kada ya wuce jika 100, kuma duk abin da ya fita a rubuta shi a littafi ranar da ya fita. Sayayyar da ta haura jika 500 a nemi farashi daga wurare uku a rubuce. Mai amalanke ko mai kawo yashi ba shi da rasit, to a yi masa takarda da suna da lambar waya, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaida guda ya sa nasa. Idan an tura kuɗi ƙauye ta Nita ko Airtel Money, a manna takardar turawa da takardar karɓa wuri guda. Ƙarshen kowane wata wani ɗan kwamiti wanda ba ma'aji ba ya ɗauki takardar banki ya gwada ta da littafi, layi bayan layi. Aikin awa ɗaya ne, amma shi ke kama kuskure tun yana ɗanye.

Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato sefa ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya, kuma farashin ba ya motsi. Yuro 10.000 zai ba da sefa 6.559.570 kafin bankuna su cire ladansu. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka, saboda haka wanda ke karɓar gudummawa da ita ya yi kasafinsa a kan farashi ƙasa da na ranar, ya bar ragowa. Bayan takunkumin da aka sa wa Nijar a ƙarshen Yuli 2023, wanda aka ɗage a Fabrairu 2024, kowa ya ga yadda kuɗi ke iya maƙalewa a hanya. Ƙungiyar da ba ta da ajiyar wata uku na albashi da haya a asusunta na gida tana iya tsayawa cik alhali kuɗinta na can waje.

Kuɗin da aka bayar don rijiya na rijiya ne. Ko da yunwa ta shigo, ba a juya shi zuwa hatsi sai an rubuta wa mai bayarwa ya amsa a rubuce. Yawancinsu suna yarda idan an tambaye su. Abin da ba sa yafewa shi ne su ji labari daga baya.

Akwai kunya a tsakaninmu, kuma ita ce ke hana ma'aji ƙarami tambayar dattijo. Maganinta a mayar da tambayar doka tun ranar farko. Idan ma'aji ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, rasit ɗin man mota na tafiyar Matamaye bai iso ba," shugaba nagari zai ce, "Gaskiyarka, Malam, gobe da safe yana hannunka," a gaban kowa. Daga ranar ba wanda zai ƙara jin nauyin tambaya. Ɗan kwamiti ana mayar masa da abin da ya kashe na mota da masauki bisa takarda, amma ba shi da kuɗin zama. Idan ƙaninsa ɗan kwangila ne kuma ya nemi aikin, ya faɗa da bakinsa, ya fita daga ɗakin lokacin shawara, a rubuta fitarsa a takardar taro.

Taro

Sau huɗu a shekara, babban taro sau ɗaya. A aika ajanda da bayanin kuɗi kwana bakwai kafin ranar. Lokacin sanyin Turai agogon Faransa daidai yake da namu, lokacin zafinsu suna gabanmu da awa ɗaya, gabashin Amurka kuma yana bayanmu da awa biyar ko shida, don haka bayan la'asar ta Asabar ko Lahadi ya fi dacewa da kowa. Intanet na yankewa, wuta na ɗaukewa, sai a tanadi kiran waya na ko-ta-kwana. Muhawarar WhatsApp ba shawara ba ce har sai an rubuta ta: abin da aka yanke, wanda zai yi, ranar gamawa. Idan wasu ba sa jin Faransanci sosai, a yi taron da Hausa a fassara wa na waje, kada na gida su koma ƴan kallo.

Zaɓen aiki da binsa

Masu tara kuɗi a waje suna son abin da ke kyau a hoto. Kwamiti ne zai tsaya ya ce a fara tambayar masu wurin. A gaida mai gari da hakimi, a zauna da maza, a zauna da mata daban, sannan a leƙa ofishin komin a duba tsarin raya ƙasa da aka riga aka rubuta, a kuma sanar da ma'aikatar da abin ya shafa. Kada a yi alkawari a zaman farko. Kalmar "za mu duba" a kunnen wanda ke cikin buƙata alkawari ce, gara a ce ƙarara babu kuɗin bana.

Maganar ruwa tana son hattara. Birnin Zinder da kewayensa a kan dutse suke zaune, shi ya sa ake jawo ruwan garin daga nesa, kuma haƙa a irin wannan ƙasa kan iya ƙarewa a busasshen rami. Kudu wajen Magariya ruwa ya fi kusa. Saboda haka a biya kuɗin binciken ƙasa kafin a kira mai injin haƙa, a kuma rubuta a kwangila wanda zai ɗauki asara idan ba a samu ruwa ba. Biya kashi-kashi: kaɗan a farko, wani bayan an gwada yawan ruwa da ingancinsa, a riƙe kashi 10 cikin 100 har shekara ta zagayo. Kafin a kafa famfo a san wanda zai gyara shi, inda ake samun kayan gyaransa, da nawa za a riƙa karɓa a kan kowace jarka don asusun gyara. Famfo da yawa sun mutu ne a kan robar da kuɗinta bai kai na buhun gero ba.

Bankin cimaka kuwa, wato shagon ajiyar hatsi na ƙauye, lokaci ne ransa. Ana sayen gero da kaka, Oktoba zuwa Disamba, lokacin da yake da araha, a sayar da rangwame daga Yuni zuwa Agusta sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Idan kuɗin waje bai iso ba sai Maris, an riga an yi asarar buhuna masu yawa, don haka roƙon gudummawar a fara shi tun damina. Ɗan kwamitin da ya je duba shago kada ya tsaya a bakin ƙofa. Ya shiga, ya ƙirga buhuna da hannunsa, ya duba ko suna kan katako nesa da bango, ya ɗaga kai ya nemi hasken rana ta ramin kwano. Ya zaɓi buhu guda daga tsakiya a zazzage a auna: buhun kilo 100 tiya 40 ne, idan ya ba da 36 akwai magana. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, in ba haka ba ƙwari sun gama da shi kafin bazara. Makulli biyu, a hannun mutum biyu. Bashi shi ne ke kashe bankin cimaka, musamman wanda manyan gari suka ci, domin ba mai iya zuwa karɓa. A rubuta dokar bashi a karanta ta a dandali kafin buhun farko ya shiga.

Hoton yaro mai tamowa ko na mace tana karɓar taimako ba a sa shi a Facebook sai da izinin masu shi, kuma wanda ya ƙi kada a rage masa komai.

Ranar miƙa mulki, mai sauka ya kawo jakar takardu, hatimi, littafin cek da sauran ganyensa a ƙirge, makullan ofis, da kalmomin sirri na imel da shafukan ƙungiya. A rubuta jerin basussukan da ake bin ƙungiya da alkawuran da aka yi wa ƙauyuka, tsoho da sabo su sa hannu. A cikin makon nan a kai wa banki takardar taron zaɓe a sauya masu sa hannu, a kuma kai sabon shugaba ya gaida masu garin da ake aiki da su, tsohon yana gefensa.