Yadda ake rubuta fim ɗin binciken kisan kai mai dogon zango

Yawancin labaran binciken kisa da matasan marubuta ke kawo mini a nan Kaduna cuta ɗaya ke damun su: an ɗauko ɗakin gwajin Amurka an dasa a Tudun Wada. Jami'i ya tsinci silin gashi, ya danna kwamfuta, kafin shayinsa ya huce hoton mai kisa ya fito. Ba wanda zai yarda.

Daga ƙarshe ake farawa. Kafin ka rubuta fitowar farko, ka san wa ya yi kisan, da me, yaushe, da kuskuren da ya tafka. Kuskuren nan jami'inka zai yi ta bi har ƙarshen zango.

Sai gawa, kuma nan kowa ke faɗuwa. Gawa na fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, daga muƙamuƙi da wuya, ta sandare gaba ɗaya wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. A zafin Maris da Afrilu komai ya fi haka sauri. Saboda haka kada likitanka ya ce "ƙarfe tara da kwata ya mutu". Ya ce tsakanin isha'i da tsakar dare. Wannan tazarar ce za ta ba ka damar jefa mutum uku cikin zargi. Jini kuma yana kwantawa a ɓangaren jikin da ke ƙasa, bayan awa 8 zuwa 12 ya zauna daram. In an tsinci mutum rub da ciki a bakin Kogin Kaduna amma jinin ya kwanta a bayansa, wani wuri aka kashe shi aka kawo. A baƙar fata da wuya a gani da ido, sai likita ya duba a mutuware.

Abin da marubutan waje ba su da shi, kai kana da shi. Kafin 'yan sanda su iso, rabin unguwa ta tattake wurin, dangi kuma so suke a yi sutura kafin la'asar. Ana yi wa mamaci wanka, abin da ya yakusa ya maƙale a farcensa ya bi ruwa. Ka sa jami'i ya durƙusa gaban mahaifin: "Baba, don Allah ku ba mu zuwa gobe." Tsohon ya ce, "Yaro, binciken naku zai dawo mini da shi?" A wurina fitowar nan ta fi harbe-harbe goma.

Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halitta, ka yi masa rowa. A Ingila aka fara amfani da shi wajen binciken kisa a 1986, cibiyar da gwamnatin Legas ta gina kuwa sai 2017 aka buɗe ta. Kuɗi yake ci da makonni. Ka dogara da zanen yatsa, bayanan kiran waya, sawun takalmi, da mai shayin da ba ya tashi sai ƙarfe biyun dare. Furodusa ma zai gode maka, don ɗaki mai farin tayil da safar hannu sun wadatar. Riga mai jini dai a jakar takarda ake sa ta, leda ruɓar da ita take yi.

Wajen tambayoyi ban yarda a doki wanda ake zargi ba, ragon marubuci ke fakewa da shi. A bar wanda ake zargi ya yi ƙarya, a ajiye masa shaida a kan tebur. Shari'ar kisa ta babbar kotu ce, fitowa biyu sun ishe ta.