Kurakuran da ake yi wurin kafa sana'ar shokola a ƙasar koko

Ƴan uwanmu na Damagaram da ke ci-rani a Kodebuwa da Gana, wasu sun fara zancen a haɗa kuɗi a kafa ɗan kamfanin shokola can kusa da manoman koko. Tunanin ba laifi, ƙasashen nan biyu su ke noma fiye da rabin kokon duniya amma yawancin shokolan sai an kai waje a yi. Sai dai inda ake tuntuɓe kusan ɗaya ne.

Kowa inji yake fara saye alhali ɗanɗanon shokola tun daga gona ake yinsa. In an fasa ƙwallon koko sai an rufe ƴaƴan cikin ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ana juyawa su tsimu, sannan a shanya a rana su bushe sarai, to manomin da ke neman kuɗin gaggawa kwana biyu zai kwashe abinsa, kuma wallahi ba shi da laifi tunda farashin guda ne ko ya gyara ko bai gyara ba. Maganin, ka ƙara masa kuɗi kan mai kyau. Kafin ka biya ka tsaga ƴaƴan da wuƙa, in cikin ruwan ƙasa ne da tsage-tsage ya yi, in ruwan toka ne ko shunayya a daskare bar shi.

Sai batun takardu. Koko ba gyaɗa ba ce da za ka shiga ƙauye da buhu ka auno. A Gana hukumar koko COCOBOD ke riƙe da harkar, a Kodebuwa hukumar Conseil du Café-Cacao, gwamnati ke yanka farashi kuma sai mai lasisi ke saye. Je ka tambaya tun ba ka kashe ko dala ba.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda ake fahimtar taimakon jama'a. A haƙa rijiya guda a ɗauki hoto a sa Facebook shikenan an taimaka. A'a Malam, manomi kaso yake so cikin riba da bakin magana ranar taro. Ƙungiyar Kuapa Kokoo da manoman Gana suka kafa 1993 hannun jari ta samu a kamfanin Divine Chocolate, ba sadaka ba. Ku rubuta kason kowa tun farko, har da matan da ke aikin shanya, su aka fi mantawa.

Ga kuma mai lissafin zai loda kaya a kamiyo ya sauke Kasuwar Dole ta Damagaram. Man kokon da ke cikin shokola na narkewa wajen digiri 34, mu kuwa Afrilu da Mayu zafi ya wuce 40, ga ɗauke wuta, firigo nawa za ka saya? Don kasuwarmu gara garin koko na sha, ko na shafa wa burodi a haɗa shi da gyaɗarmu a zuba a kwalba. Shokolan sanda a bar shi can Abijan da Akara inda manyan shaguna ke da sanyi.