Yadda Ake Koya wa Yara Tarawa da Kwalin Kyauta a Lokacin Biki

Lokacin biki gida kan cika da takardu masu kala, kwalaye da sauran kayan ado. Da su kaɗai za a iya sa yaro ɗan shekara 4 zuwa 6 ya fara lissafin tarawa, ba sai an zaunar da shi gaban littafi ana tsakiyar hidima ba.

Ku tanadi ƙaramin kwali mai murfi, takarda mai kauri, almakashi, da ƙwayar ludo guda biyu. Ku yanka taurari 20, ja 10, shuɗi 10. Idan da ƙaninsa wanda bai kai shekara 3 ba, taurarin su zama manya, ƙwayar ludo kuwa a ɗauke ta da an gama, domin komai baki yake kaiwa.

Da farko ku gwada ƙirgarsa. Ku zuba taurari 5, ya ƙirga yana taɓa kowanne, sannan ku ce, "To, nawa ke nan?" In ya ce biyar kai tsaye, ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin duka. In kuwa ya sake komawa ɗaya, biyu, uku, ku ɗan daɗe a nan tukuna.

Mataki na biyu ba ya cin lokaci. Ja 3 a gefe guda, shuɗi 2 a ɗaya gefen, ya haɗe su da hannunsa ya ƙirga duka, ku faɗa tare: uku da biyu, biyar.

Mataki na uku shi ne ainihin aikin. Ku ƙirga taurari 4 tare, ku zuba a kwali, ku rufe, ku ɗora takarda mai lamba 4 a kan murfin. Ku ajiye wasu 3 a waje. "Kyautar nan huɗu ne a cikinta, ga uku a waje. Duka nawa?" Hannunsa zai tafi wajen buɗewa, domin ya saba farawa daga ɗaya. Kada a buɗe. Ya dafa murfin ya ce huɗu, sannan ya bi na waje da yatsa: biyar, shida, bakwai. Sai bayan ya ba da amsa zai buɗe kyautarsa, ya zazzage ya ƙirga ya gani ko ya yi daidai. Yara na son wannan buɗewar ƙwarai, kuma ita ke hana gardama, tunda kwalin ne zai raba.

Ku sa ido a kan kuskure ɗaya da ke yawan faruwa: yaro ya ce huɗu a kan tauraron farko na waje, sai amsarsa ta fito shida. Maganinsa dafa murfin nan, ya san huɗu ta kwali ce. Idan ya saba, ku sa 2 a ciki da 6 a waje, sannan ku juya, 6 a ciki da 2 a waje. Ku bar shi ya gano da kansa cewa amsar ba ta canza ba, amma farawa da babbar lamba ya fi sauri. A ganina gara ya gano da a gaya masa.

Daga nan ƙwayar ludo ta karɓi aikin zaɓen lamba. Ya jefa biyun, babbar lamba ta shiga kwali, ƙaramar ta tsaya waje. Amsa ba ta gaza 2, ba ta wuce 12, kuma 7 za ta fi yawan fitowa, domin hanyoyi 6 cikin 36 ke kaiwa gare ta.

Rubutu ya zo a ƙarshe. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka Jerome Bruner ya bayyana tun shekarun 1960 cewa yaro na fara fahimta da aikin hannu, sannan hoto, sannan alama, kuma makarantun Singafo na bin wannan tsari wajen koyar da lissafi. Saboda haka ya fara zana kwalin da taurarinsa a katin gaisuwa, daga baya ya rubuta 4 + 3 = 7 a ƙasan zanen.

Minti 10 a zama ɗaya sun isa. Da ya fara watsa taurarin ko canke a amsa, ku tattara kayan, a ci gaba gobe.