Yadda ake kamo kuskuren JavaScript idan maɓallin fom ya ƙi aiki

A ce ka gina wa wani ɗan kasuwar Dole, nan Damagaram, fom ɗin karɓar oda: suna, lambar waya, kuɗin kaya da na dako. Ka danna "Aika", shafi ya yi ƙifta ido ya dawo fanko. Kada ka fara goge layuka da ka.

Fara da danna F12 a Chrome, ka shiga Console. Kafin komai ka kunna Preserve log a cikin saitinsa. Nan ne mutane ke shan wahala: fom na aikawa, shafi na sake lodawa, jan rubutun kuskuren ya tafi tun ba ka gan shi ba. Ka kunna, ka sake dannawa, ka karanta. A gefen dama za ka ga sunan fayil da lambar layi.

In ya ce Cannot read properties of null, to getElementById bai sami abin da ka aike shi nema ba. Ko dai sunan ya bambanta, don "lambarWaya" da "lambarwaya" ba ɗaya ba ne a wurinsa, ko kuma script ɗinka, wato JavaScript ɗin da ka rubuta, ya riga fom ɗin lodawa. Mayar da script ƙasan shafi, ko, in a fayil daban yake, ka sa masa defer don ya jira fom ɗin.

In ba ja ko ɗaya, sa console.log("na iso") a layin farko na aikin (function) da ke duba fom ɗin, a ce sunansa duba. Bai fito ba, ko kuwa yana fitowa tun ba ka danna ba? Dannawarka ba ta kiran shi ke nan. Duba ko ka rubuta addEventListener("submit", duba()) maimakon duba kawai. Bakan nan biyu suna sa ya fara aiki tun shafi na buɗewa. In ya fito amma shafi na ci gaba da sabuntawa, event.preventDefault(), mai hana fom sake loda shafi, ne babu. Ni a sama nake ajiye shi, don ko wani layi ya faɗi a ƙasa, fom ba zai tsere ba.

Sai lissafi. Duk abin da value, mai karanto abin da aka shigar a fom, ya dawo da shi rubutu ne, ko da lamba aka shigar. Kaya jika biyar, dako jika biyu, sai ka ga 50002000 maimakon 7000; mai shago sai ya riƙe baki. Nannaɗe kowanne cikin Number() kafin ka haɗa.

Ka gyara, ka adana, ka danna Ctrl da F5 tare, don kada burauza ta kawo maka tsohon fayil.