Yadda na mayar da bayan ɗakina lambu da tsofaffin tayoyi da jarkoki, da yadda nake korar ƙwari ba tare da fiya-fiya ba

Jama'a sallama. Tun da na saka hoton lungun bayan ɗakina ake ta tambayata wai nawa na kashe, toh gaskiya kuɗin fenti ne kawai ya ɗan taɓa ni, sauran duk tarkace ne da ake zubarwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto muku yadda na yi tun daga farko. Ina zaune ne a Tumfure nan Gombe, kuma duk wanda ya san garin nan ya san ruwa ba abin wasa ba ne, da 'yan ga-ruwa muke rayuwa in famfo ya ɗauke, don haka duk abin da zan faɗa na mai lissafin jarka ne.

Mu fara da abin shukar. Jarkar mai ɗin nan rawaya mai lita 25 ita ce ta fi min komai, ki kwantar da ita ki yanke gefe ɗaya da wuƙa mai kaifi, sai ki ɗora ƙusa a wuta ki huda ƙasanta wuri shida ko takwas. Kar ki yar da ɓangaren da kika yanke, akwai aikinsa a gaba. Buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke shi ma yana yi, ki naɗe bakinsa ya dawo rabi, tumatir ɗaya ko kuɓewa biyu a buhu ɗaya, kar ki cusa da yawa don kwaɗayi. Shi buhu dai rana tana cinye shi, da ƙyar yake wuce shekara.

Taya kuwa wajen mai faci za ki aika yara, wani ma kyauta zai bayar don sun ishe shi. A yanke gefen sama ɗin ya buɗe sosai, a wanke, a shafa farin fenti ko wani mai haske, saboda baƙar taya a watan Maris da Afrilu zafin da take ɗauka sai ya dafa saiwar shuka. Ni a taya fulawa nake sakawa da alobera, kayan miya kuma a jarka da buhu, haka dai hankalina ya fi kwanciya. Abu ɗaya da nake roƙonku, kar a bar taya da ruwa kwance a cikinta da damina, gidan sauro kika gina da hannunki, ki huda ta ko ki cika ta da ƙasa dam. Guda biyu da suka rage min na ɗora ɗaya kan ɗaya na sa kafinta ya yanko min katako zagayayye na rufa a kai, yanzu nan maigida yake zama shan shayi da yamma, shi da ya ce min wai na mayar masa da gida bola.

Ƙasa: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya taki, kashi ɗaya yashi. Takin nan dole ya zama wanda ya ruɓe ya huce, kashin akuya ko na shanu da ya daɗe a ajiye. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, ki tara shi gefe ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa har ya yi baƙi ya daina wari tukunna. In kin gama shuka ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko busassun ganye, zai rage miki ban ruwa sosai.

Maganar ruwa, dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tulu. Tulun ƙasa na gargajiya wanda ba a shafa masa komai ba, ki binne shi har wuya a tsakiyar fangali, ki cika shi da ruwa ki rufe bakin da murfi, ki shuka abinki kewaye da shi kamar tazarar taƙi ɗaya. Yadda randa take zufa ta jiƙa ƙasan da take kai, haka shi ma zai riƙa tsattsafo ruwa a hankali daidai wajen saiwa, rana ba ta shanye shi, ni sai in yi kwana uku ban ƙara ba. In babu tulu gorar ruwa ta roba ma ta isa, huda biyu uku da allura a gindinta ki binne kusa da shukar. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk lambu nake kaiwa, amma banda ruwan wanki mai omo.

Ado kuma ba sai an wahala ba. Tsakuwa na sa yara suka tsinto muka jera a bakin fangali muka shafa musu farar ƙasa, gorunan lemo na yanka na rataye a jikin katanga da waya na zuba na'a-na'a a ciki, sai zana guda biyu da na kafa ta ɓangaren yamma don tare rana da kuma awakin maƙota. Shi ke nan.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato ƙwari, don nan ne mutane suke karaya su ɗauko fiya-fiya su fesa wa alayyahun da za a yanka a zuba a miya gobe. Don Allah a daina, guba ce, ba a yi ta don ganyen miya ba. Maganin yana ƙofar gidanku, dogon yaro, wanda wasu ke cewa maina wasu darbejiya. Asalin bishiyar daga ƙasar Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau ga ta ko'ina har mun ɗauka tamu ce tun kaka da kakanni. Sinadarin da ke aikin sunansa azadiraktin, kuma ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan, ganyen yana da shi amma kaɗan.

Ga yadda nake yi. Lokacin da 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya suna zubowa sai mu tsince, mu murje naman a ruwa, mu shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe ƙarau, wanda ya yi fumfuna a zubar. Ki adana a buhu ko kwando inda iska ke shiga, kar ki ƙulle a leda. Ranar da za ki yi amfani ki ɗan sussuka a turmi ɓawon ya fashe, ki sheƙe, ki daka ƙwayar ta yi laushi. Rabin kilo na garin a ruwa lita 10, in lambunki ƙarami ne giram 50 a lita ɗaya. Ki kai wa mai shago ya auna miki a sikeli sau ɗaya ki ga inda ya tsaya a kwanonki, daga nan kin huta. Ki jiƙa ya kwana, da safe ki tace da tsumma mai laushi sau biyu don kar ya toshe abin feshi, sai ki narka ɗan sabulun sanda kamar girman ƙwayar dabino a ciki, shi ne zai sa maganin ya kama ganye. Ki ware turmi daban fa, in ba haka ba dakan yajinki na gaba ba mai iya ci don ɗaci.

Feshin da yamma ake yi bayan la'asar sakaliya, rana tana kashe ƙarfinsa kuma ganyen da aka fesa wa magani a tsakar rana yana iya ƙonewa. Ki ɗaga ganyen ki fesa ƙasansa don can suke ɓuya. Kuma a nan ne da yawa suke cewa ai ba ya aiki, saboda sun fesa yau sun dawo gobe sun ga tsutsa tana nan da ranta. Ba ya kashewa nan take, hana ta cin ganye yake yi ya kuma hana ta saɓa ta girma, sai bayan kwana uku zuwa biyar ki ga abin ya lafa. Ki maimaita duk sati, in an yi ruwan sama ki sake. Wanda kika haɗa ki ƙarar da shi a ranar, ba ya ajiyuwa. Tukar da ta rage a tsumma ki zuba a gindin shuka, taki ce.

Kuskuren da na yi karon farko, sabulu ya ƙare sai na ce ai omo ma sabulu ne na barbaɗa cokali biyu, wayyo Allah, da gari ya waye ganyen tattasaina duk ya yi kamar an babbaka shi, har na zauna a bakin jarka kamar zan yi kuka. Tun daga nan duk sabon haɗi sai na gwada a ganye biyu uku na jira kwana ɗaya.

In babu 'ya'yan dogon yaro a hannu, barkono busasshe cikin hannu ɗaya da tafarnuwa dunƙule biyu, ki daka ki jiƙa a lita ɗaya ya kwana, ki tace ki ƙara ruwa ya kai lita biyar da ɗan sabulu. Wannan kora yake yi. Ki rufe hanci, ki juya wa iska baya, ki kori yara daga wajen.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a kan sabon toho su sa ganye ya nannaɗe yana danƙo, in kin gan su da wuri ruwan sabulu kaɗai ma ya ishe su. Alamarsu ita ce tururuwa tana hawa tana sauka a jikin shukar, zaƙin da darɓar ke fitarwa take bi. In kuma kika ga wata 'yar ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya kar ki kashe ta, darɓa take ci, ma'aikaciyarki ce ba albashi. Farin ƙuda kuwa launin rawaya yake bi, toh ga aikin ɓangaren jarkar nan da na ce ki ajiye, ki shafe shi da basilin ki soke a sanda daidai tsayin shukar, bayan kwana biyu ki zo ki ga yadda suka manne, ki goge ki sake shafawa. Masu huda ganyen kuɓewa da yakuwa kuma toka nake barbaɗa musu da sassafe lokacin da raɓa ba ta bushe ba, sama-sama dai, in ta yi yawa tana ɓata ƙasa.

Wanda ba zan yi muku ƙarya a kansa ba shi ne sharon, tsutsar tumatir ɗin nan da ta fito daga Kudancin Amurka, wadda a 2016 ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ku tambayi manoman Kwadon da na Dadin Kowa ku sha labari. Ita cikin ganyen take shiga ta yi hanya fara-fara kamar an zana, feshi ba ya kai mata sosai in ta riga ta shige. Duk ganyen da kika ga haka ki tsinke ki ƙona ko ki binne da zurfi, kar ki jefar a gefe, sannan ki ci gaba da feshin dogon yaro don masu zuwa. Tsohon gidan sauro da ya yage, ki ɗinke ki rufa wa tumatir tun yana ƙarami, yana tare su ya kuma tare fara da kaji, sabon dai a bar wa yara su kwana a ciki.

Wadda za ta fara, ki fara da alayyahu da rama da zogale a jarka uku, ba su da laulayi, alayyahu wata guda kin fara yanka. Tumatir da latas ki bari sai damina ta ɗauke, ki yi rainon irin a Oktoba ki dasa a Nuwamba su sha sanyin hunturu. Ko da dogon yaro kika fesa ki bar kwana biyu kafin ki tsinka, ki kuma wanke da kyau, in ba haka ba miyar za ta yi ɗaci.