Yanda zaka tantance maganar bayi a tsohuwar Masar kafin ka shiga musu

Kusan duk inda aka tada zancen Fir'aunoni sai mutane su rabu gida biyu, wasu suce bayi ne aka yi ta zabgawa bulala har suka gina dalar Giza, wasu kuma suce ai masana sun tono gaskiya, babu wata bauta a Masar. Duka biyun akwai gyara, kuma ba sai ka zama farfesa ba kafin ka gane inda kowa ya zame.

Fara da tambayar wane zamani ake nufi. Babbar dalar sarki Khufu da ke Giza an gina ta wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi kuwa Ramsis na biyu da kowa ya sani ya hau mulki a 1279, kaga tsakaninsu ya haura shekara dubu da ɗari biyu. Bayi sun fi yawa ne a zamanin su Ramsis ɗin nan, lokacin da Masar ke kai yaƙi Sham da Nubiya tana kwaso mutane.

Daga nan sai ka raba bawa da wanda aka ɗebo aikin tilas, nan ne mafi yawan mutane ke cakuɗa abu. A kudu da dalar Giza an tono garin ma'aikata sukutum, da gidajen gasa burodi da wuraren kwana da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da suka ci, sannan a 1990 aka gano maƙabartarsu, an binne su kusa da dalar sarki da tulunan abinci, wasu ma an ga alamar karaya a ƙashinsu wadda aka ɗora ta warke. Ƙungiyoyinsu har suna suke sa wa kansu suna rubutawa jikin dutse, wata "Abokan Khufu", wata kuma "Mashayan Menkaure", shima sunan wani sarki ne. A 2013 kuma aka samu takardun wani shugaban leburori mai suna Merer a Wadi al-Jarf bakin Bahar Maliya, yana rubuta aikin kullum, shi da mutanensa kamar 40 suna loda farin dutse a jirgin ruwa daga Tura suna kaiwa Giza.

To amma fa kar ka ɗauki wannan ka fara cewa don son ransu suka zo. Ƙwararrun magina da masassaƙa aikinsu ne, sauran kuwa manoma ne ake bi gari-gari ana ɗiba, kamar dai diban gwamna da aka yi wa kakanninmu zuwa haƙar kuza a Jos, kayi wa'adinka a sallame ka, ba a sayar da kai, amma kuma baka isa kace bazaka ba. Akwai wata takarda da ke ajiye a Brooklyn ta Amurka, daga baya aka rubuta ta ba zamanin Khufu ba, tana lissafa mutanen da suka gudu daga irin wannan aiki, hukuma ta kama iyalansu ta riƙe har sai an samo su. Don haka idan aka ce maka "ba bayi bane", kace haka ne, amma talaka bai da zaɓi.

Abu na gaba, duba waye ya faɗi maganar kuma me zai samu. Adadin mutum 100,000 da ake yawan jifa da shi daga Hirodotus ya fito, Bagirken da ya ziyarci Masar kusan shekara dubu biyu bayan an gama ginin, labari aka ba shi. Masu tono na yanzu suna kintata 20,000 zuwa 30,000. Haka su ma sarakunan, Amenhotep na biyu ya sa an sassaƙa cewa ya kamo mutum 89,600 daga yaƙin Sham, kirarin fada ne, masana da yawa basu yarda da lissafin ba. Ni dai shawarata ka fi bada ƙarfi ga ƙananan takardu, na ciniki da na gado da na shari'a, don wanda ya rubuta su ba burge kowa yake son yi ba.

Ga misali ka gani. A zamanin Ramsis na biyu wata mata Irinefer ta sayi yarinya 'yar Sham a hannun wani ɗan kasuwa da ya zo da ita, kuɗinta ya kama azurfa kusan giram 370, amma ba azurfar ta miƙa ba don lokacin babu kwabo babu sule, tufafi ta haɗa da bargo da kwanonin tagulla har da tulun zuma, wasu kayan ma a wajen maƙwabta ta karɓo. Mun san wannan ne kawai saboda daga baya an maka ta a kotu ana cewa da kayan wata ta biya, ta zo tana rantsuwa tana lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar kuwa ko sunanta na gida ba a rubuta ba, sai na Masar da uwargijiyar ta raɗa mata. Haka soja Ahmose ɗan Ebana ya rubuta a kabarinsa a El Kab cewa a yaƙin birnin Abaris da ke arewacin Masar ya kama namiji ɗaya da mata uku, sarki ya bar masa su. Ita ma takardar Brooklyn ɗin nan a bayanta akwai jerin barori kusan 95 na gida ɗaya, da yawansu sunayen mutanen Sham ne da su, an rubuta aikin kowa, masaƙa da masu girki da masu haɗa giya. Wanda yace babu bayi a Masar ka karanto masa waɗannan.

Sai kuma ka kiyaye kar ka ɗauko hoton bautar Amurka ka manna a nan. Ba launin fata ke sa mutum zama bawa ba, yaƙi ne da haihuwa cikin bauta da hukunci, daga baya kuma har da talauci da bashi. Ƙofar fita ma akwai ta, a zamanin Ramsis na goma sha ɗaya wata mata da bata haihu ba ta raini 'ya'ya uku da baiwar gidanta ta haifa, ta 'yanta su, ƙaninta ya auri babbar, ta kuma sa su cikin magada. Wannan ba yana nufin abin da sauƙi bane, fursunonin yaƙi na Ramsis na uku tambari aka buga masu a jiki da sunan sarki.

In kana son ganin dokar a rubuce ƙarara to ka leƙa Babila a Iraki ta yanzu, don Masar bata bar mana kundin doka irin na Hammurabi sarkin Babila ba, wanda aka sassaƙa wajen 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A can idan bashi ya ci mutum ya bada matarsa ko ɗansa, shekara uku zasu yi suna aiki, ta huɗu a sake su. Wanda ya ɓoye gudajjen bawa a gidansa ya ƙi fito da shi kisa ne. Wanzamin da ya aske alamar bauta daga kan bawa ba da sanin ubangijinsa ba a yanke masa hannu, bawan da yace wa maigidansa "kai ba ubangijina bane" aka tabbatar nasa ne a yanke masa kunne. Amma in bawa ya auri macen da ba baiwa ba ta haihu, 'ya'yan 'yantattu ne. Sai dai ka tuna doka abin da sarki ke so ne, ba lallai haka ake yi kullum ba.

Inda musun ya fi zafi a wajenmu shine idan an kawo addini. Alƙur'ani ya faɗi an sayar da Annabi Yusuf (AS) da 'yan dirhamomi ƙidayayyu, ya kuma kawo Annabi Musa (AS) yana ce wa Fir'auna ka bautar da Bani Isra'ila. Amma ba a ce su suka gina dala ba, Baibul ma birane biyu ya ambata, Fitom da Ramases, da aikin tubali. Haɗa su da dalar Giza yawanci daga fina-finai mutane suka kwaso shi, don haka idan wani yace gano garin ma'aikata ya ƙaryata ƙissar, ko yace ƙissar ta ƙaryata masu tono, ka nemi ya kawo maka ayar da ta ce Bani Isra'ila sun ɗora dutse a Giza.